KO ƘONANNEN MAN SUYA ZAI IYA TA DA INJIN NIƘA?

Duk wanda ya ke zaune a ƙasar Gwarzo ko ta Kabo ya san yadda kuɗin niƙa ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan shekarun nan. In ka tambayi mai inji dalili, amsa ɗaya ce zai ba ka, watau tsadar man gas. Gaskiyarsa kuwa. Tun cikin 2022 farashin gas ya fara hawa ba sauka, har ya zamana cikin 2024 lita guda ta haura naira 1,000. Injin niƙa, da na casar shinkafa, da tarakta, da manyan motocin da ke kwasar hatsi zuwa Kano, da babban janareta na asibiti, dukansu gas su ke sha. Saboda haka tsadarsa ba ta tsaya a kan mai inji kaɗai ba, ta bi ta cikin garin tuwo har ta kai akushin kowane magidanci.

To, ana cikin wannan hali sai ga magana ta bazu cewa mutum yana iya haɗa gas da kansa a gida, da man da aka gama suya da shi. Waɗansu sun ce tatsuniya ce, waɗansu kuwa sun ɗauka arziki ne ya zo har ƙofar gida. Malaman makaranta da malaman ofis su ne jama'a ke zuwa wurinsu da irin wannan tambaya, don haka ya kamata su san gaskiyar al'amarin, da amfaninsa, da hatsarinsa, da kuma iyakarsa.

DA GYAƊA AKA FARA

Wanda ya ƙago injin gas wani Bajamushe ne, sunansa Rudolf Diesel, shi ya sa har yau a ke kiran man da sunan dizal. An haife shi cikin 1858, ya rasu cikin 1913. Cikin shekara ta 1900 aka yi wani babban bikin nuna kayan fasaha a birnin Faris na ƙasar Faransa, a nan aka ta da wani ƙaramin inji irin nasa da man gyaɗa zalla, ya yi aiki sumul. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi wannan gwaji, gama tana da ƙasashe a Afirka inda a ke noman gyaɗa, tana so ta ga ko za su iya ta da injunansu da abin da gonakinsu ke bayarwa.

Abin lura a nan shi ne, shekara goma sha ɗaya bayan wannan, cikin 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, daga 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe. Manoman yammacin Kano suna cikin waɗanda guminsu ya gina dalar gyaɗa, har Nijeriya ta zama gaba-gaba a duniya wajen fitar da ita cikin shekarun 1960. Daga baya farin da aka yi wajen 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975, suka rushe wannan ciniki. Watau dai kakanninmu sun daɗe suna loda wa jirgi abin da ke iya ta da inji, sa'an nan su sayi man da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa. Ba wauta ce ta jawo haka ba, a wancan zamani man ƙasa ya fi araha nesa ba kusa ba.

Wanda ya gano hanyar gyara man tsiro don ya dace da inji sosai wani malamin jami'a ne na birnin Burasel a ƙasar Beljiyam, mai suna Chavanne. Cikin 1937 ya sami takardar mallakar wannan fasaha, da manja ya yi aikinsa, cikin 1938 kuwa aka gwada man a wata motar fasinja ta ƙasarsu. Hanyar da ya bi ita ce asalin wadda a ke bi har yanzu.

DON ME BA A ZUBA SHI KAI TSAYE?

Mai karatu zai ce, tun da man gyaɗa ya ta da inji cikin 1900, me zai hana a tace man ƙosai a ɗura a tanki kawai? Abin da ya hana shi ne kauri. Man girki ya fi gas kauri kamar ninki goma. Injin gas ba shi da fulogi, aikinsa shi ne ya matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan ya fesa mai a cikinta ta wata 'yar ƙofa mai kama da hancin allura, man ya kama da wuta. In mai ya yi kauri ba ya fesuwa kamar hazo, sai ya fita ɗigo-ɗigo, ya ƙi ƙonewa duka, ya bar baƙin dasashi a bakin nozul da zoben fistin. Injin zai tashi yau, ya tashi gobe, amma bayan 'yan watanni sai a kira makanike.

Masu ilmin haɗa magunguna sun bayyana dalilin wannan kauri. Kowace ƙwayar man girki tana kama da igiyoyi uku da aka ɗaure a jikin turke guda. Turken nan shi a ke kira gilisarin, shi ne mai danƙo. In aka kwance igiyoyin daga jikinsa, aka ɗaura wa kowace wani ɗan ƙaramin abu mara nauyi, sai man ya tsinke ya koma kusan kamar gas, gilisarin kuwa ya kwanta a ƙasa. Abin da a ke ɗaurawa shi ne wani ruwa mai suna metanol, abin da ke kwance ɗaurin kuwa soda ce, irin wadda mata ke yin sabulu da ita.

Ashe ke nan wannan aiki ɗan'uwan yin sabulu ne. Macen da ta haɗa mai da soda da ruwa sabulu ta ke samu. Wanda ya haɗa mai da soda kaɗan da metanol, ba ruwa ko ɗigo, gas ya ke samu. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: da zarar ruwa ya shiga, aikin ya karkata zuwa sabulu.

YADDA A KE HAƊAWA

Da fari a kan tace man da ƙyalle mai tsabta don a raba shi da ɓurɓushin ƙosai da ƙashin kifi. Sa'an nan a ɗora shi a wuta har ya ɗan wuce zafin tafasar ruwa, a bar shi sai ya daina tartsatsi, alamar ruwan da ke cikinsa ya fita. Daga nan a sauke, a kashe wutar ƙurmus, a bar shi ya huce zuwa digiri 55 a ma'aunin zafi. Ba a so ya wuce haka, domin metanol yana tafasa a wajen digiri 65.

Ga kowace lita ta mai ana bukatar metanol mililita 200, watau kashi ɗaya cikin biyar na man. Sabon mai yana bukatar soda giram 3.5 a lita. Amma man da ya sha suya ya riga ya yi tsami, tsamin nan kuwa yana cinye wani kashi na sodar, don haka sai an auna shi an san ƙarin da za a yi. Ga yadda a ke awon. A narka soda giram 1 cikin tataccen ruwa lita 1. A wani ɗan kofi kuma a zuba man mililita 1 cikin mililita 10 na sifirit ɗin da a ke kira aisofurofil, a sa ɗigon maganin nan na ɗakin gwaji da ke canja launi. Inda babu shi garin gangamau yana yi, gama ya kan rikiɗe daga rawaya zuwa ja in ya haɗu da soda. Sai a riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji ana motsawa, har launin ya canja ya tsaya. Yawan mililitar da aka ɗiga shi ne yawan giram ɗin da za a ƙara a kan 3.5.

Ga lissafi a misali, wanda ɗan aji shida zai iya yi. A ce an tara jarka guda mai lita 20, awo ya nuna mililita 2. Soda ke nan giram 5.5 a kowace lita, duka giram 110, metanol kuwa lita 4. In awo ya wuce mililita 4 ko 5, man ya lalace da yawa, ya fi ƙarfin wannan hanya, gara a yi sabulun wanki da shi. Shi ya sa manja, da ya ke ya kan zo da tsami mai yawa, ya ke ba masu koyo wahala.

A kan zuba sodar cikin metanol a roba mai kauri mai murfi, a jijjiga har ta narke sarai. Ba a amfani da tukunyar dalma ko kaɗan, domin soda tana cinta. Daga nan a juye cikin man mai ɗumi, a yi ta motsawa a rufe har sa'a guda, a bar shi ya kwana. Da safe za a tarar ya rabu biyu, gas mai launin zuma a sama, gilisarin baƙi-baƙi a ƙasa. A tsiyaye na ƙasan, sa'an nan a wanke na saman da ruwan ɗumi a hankali, ba da girgiza ba. Ruwan farko zai fito fari kamar tsala, a yi ta maimaitawa sau uku ko huɗu har ya fito garau. A ƙarshe a shanya man a rana cikin mazubi mai faɗin baki har ya washe, mutum ya iya hango gindin kwalba ta cikinsa. Jarka guda ta mai mai kyau ta kan ba da kusan jarka guda ta gas.

Akwai gwajin da ke nuna ko aiki ya yi. A zuba mililita 3 na sabon gas cikin mililita 27 na metanol a girgiza. In ya narke duka, madalla. In aka ga ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, haɗin bai kammala ba, kada a ba inji.

KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Wannan karin magana kamar don metanol aka yi shi. Ba shi da launi, kamar ruwa ya ke, amma dafi ne. Cokali guda na iya makantar da mutum har abada, cokali biyu ko uku na iya kashe shi. Ba ta baki kaɗai ya ke shiga jiki ba, yana shiga ta fata da ta numfashi. Cikin 2015 mutane da yawa sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda shan abin da ya gauraya da shi. Har wa yau yana kama wuta da sauri, harshen wutarsa kuwa da ƙyar a ke ganinsa da rana, sai mutum ya ji yana ƙuna bai san daga ina ba. Soda ita ma tana cin fata, in ta faɗa ido ta gama da shi. Haɗinsu biyun ya fi kowannensu muni.

To, a dubi gidajenmu. Murhu yana tsakar gida, yara suna kai da kawowa, awaki da kaji suna sa baki a kowane mazubi, tsohuwar robar lemo kuwa ita ce ma'ajin kome, daga kananzir har ruwan sha. Mun sha jin labarin yaron da ya sha kananzir yana zaton ruwa ne. Wanda ya sha kananzir sau da yawa ya kan tashi, wanda ya sha metanol in ya tashi ma yana iya rasa idonsa. Saboda haka ko da ya ke Turawa suna kiran wannan sana'ar gida, gidan da su ke nufi yana da ɗakin aiki dabam mai kulle. A wurinmu tsakar gida ba wurin wannan aiki ba ne.

Wanda zai yi lalle ya sami rumfa mai iska nesa da ɗakunan kwana, ba wuta ba taba a kusa, ya sa safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido, ya ajiye bokitin ruwa da na yashi a gefe. Gilisarin ɗin da aka tsiyaye yana ɗauke da sauran metanol da soda, kada a ba dabba, kada kuma a zubar da shi ko ruwan wankin kusa da rijiya.

ABIN DA MAI INJI ZAI SANI

Wannan mai na injin gas ne kaɗai. Babur, da ƙaramin janareta, da yawancin injunan ban ruwa da a ke gani a fadamu, fetur su ke sha, in aka zuba musu shi ba za su yi aiki ba. Ƙarfinsa ya gaza na gas ɗin gidan mai da kamar kashi ɗaya cikin goma, amma ya fi shi santsi a jikin famfon inji, hayaƙinsa kuma bai kai nasa baƙi ba. Yana wanke tsohuwar dauɗar tanki, don haka a makonnin farko filta za ta riƙa toshewa, sai an canja. Yana kuma cin tiyo na tsohuwar roba. Ga kuma sanyi: da hunturu, sa'ad da man gyaɗa ke yin barci a kwalba, gas ɗin da aka yi da shi ko da manja ya kan yi gudaji da asuba, ya ƙi bin bututu. Maganin waɗannan duka shi ne a gauraya, kashi ɗaya na sabon cikin kashi huɗu na gas ɗin da aka saba. Wannan awo shi ne Gwamnatin Tarayya ta ambata cikin manufarta ta man tsirrai ta 2007.

INA ZA A SAMI MAN?

Nan ne gizo ke saƙar. A birnin Giraz na ƙasar Ostiriya an fara ba motocin haya na gari irin wannan mai cikin 1994, birnin Kiyoto na Japan kuma ya fara ba motocin kwasar shara cikin 1997. Abin da ya sa ya yiwu gare su shi ne, a can mai gidan abinci zubar da mai ya ke yi bayan 'yan kwanaki, har ya kan rasa inda zai kai shi. A Gwarzo da Getso da Kabo da Garo kuwa wa ke zubar da mai? Mai ƙosai, da mai awara, da mai fanke, da mai suyar kifi a bakin tasha, in man kasko ya ragu ƙari su ke yi a kansa. Wanda ya yi baƙi ƙwarai a sa a miya, ko a sayar da araha ga wanda ya fi talauci. Ba rashin hankali ba ne, mai tsada gare shi, ribar kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Sai dai likitoci sun tabbatar man da aka yi ta ƙonawa yana canjawa ya zama abin cutarwa ga jiki. Alamunsa uku ne, ya yi baƙi, ya riƙa kumfa, ya riƙa hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. A Faransa da Jamus akwai ƙa'ida cewa in lalataccen kashi ya kai wajen rubu'in man, dole a daina suya da shi. Mu kuwa 'ya'yanmu ne ke cinye shi a ƙofar makaranta lokacin tara. A ganina babban amfanin wannan sana'a a ƙasarmu yana nan. In ƙonannen mai ya sami mai saye, mai ƙosai ba za ta ga ta yi asara ba in ta sauke shi daga kasko, sai ya tafi cikin inji maimakon cikin yaro.

Amma a yi lissafi da idon basira. Metanol ba a samunsa a kasuwar ƙauye, sai wurin masu sayar da kayan masana'antu a birni, da tsada kuma. In aka haɗa kuɗinsa, da na soda, da na mota, da abin da za a ba mai ƙosai, wanda ke haɗa kwalba biyu ko uku ba zai fita ba. Sayen sabon man gyaɗa don a ƙona a inji kuwa ɓarna ce tsantsa, gama litarsa ta fi ta gas tsada, ga shi abinci ne. Riba ba ta samuwa sai an tara da yawa, da yayyafi kogi kan cika. Wuraren tarawa su ne ɗakunan girki na makarantun kwana, da masu suya na ranar kasuwa, da gidajen biki, da manyan gidajen abinci na Kano, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa masu soya kayan ƙwalam.

Akwai kuma man da ba a ci. Bini-da-zugu da a ke shinge da shi, da 'ya'yan darbejiya da ke zuba banza a bakin hanya, duka suna da mai. A garin Garalo na ƙasar Mali an kafa injin lantarki da niyyar ya riƙa shan man bini-da-zugu. Amma kamfanoni da yawa da suka buɗe manyan gonakinsa a Afirka wajen 2008 sun yi asara, domin a busasshiyar ƙasa ba ya 'ya'ya kamar yadda aka yi zato. Darasin shi ne a bar shi a shinge, kada a ba shi gonar dawa.

SHAWARA

Ga malaman makaranta, wannan darasi ne mai kyau na ilmin kimiyya. A makarantar sakandare mai ɗakin gwaji malami na iya haɗa rabin lita a gaban ɗalibai, shi kaɗai ke taɓa magungunan, su ga rabuwar gas da gilisarin da idonsu, su yi lissafin sodar da kansu. A firamare kuwa ya isa a koya wa yara alamun ƙonannen mai, a kuma gargaɗe su kada su sha abin da ba su sani ba don yana cikin robar lemo.

Ga malaman ofis na ƙananan hukumomi, aikinku na farko ƙidaya ce. A san masu suya nawa ne a kowace kasuwa, da kwalba nawa za a iya samu a mako, da injin niƙa nawa ne a gunduma. In lissafi ya nuna abin zai ciyar da ko da inji biyu ko uku, sai masu injin su haɗa jam'iyyar gama kai, su gina rumfa guda a bayan gari, a koya wa mutum biyu aikin sosai. Masana ba su yi nisa ba. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kan hanyar Gwarzo, cikin 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo. A kai musu samfur su auna kafin a zuba a injin kowa. A tuna kuma, haɗa wa kai dabam, sayar wa jama'a dabam, shi wannan sai da izinin hukuma. In kuwa ƙidaya ta nuna man bai taka kara ya karya ba, to, a ba mata su yi sabulun wanki da shi, wannan sana'a ce da suka riga suka iya, ba ta kuwa bukatar metanol.

Amsar tambayarmu ke nan. Ƙonannen man suya yana ta da injin niƙa, ba tatsuniya ba ce. Amma ba zai maye gurbin gidan mai ba, ba kuwa aikin mutum ɗaya a tsakar gida ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon amfani da abin da ya hore mana, ya kiyashe mu da hatsarinsa, amin.